Wa Ya Biya? Kaffara da Tabbacin Ceto a Bakin Kiristocin Abijan

Duk wanda ya taɓa sauka tashar Adjamé da sanyin safiya ya san ba wurin shiru ba ne. Yaran motocin haya da ake kira gbaka na rataye a ƙofar mota suna kiran Abobo da Yopougon, masu baro na neman hanya, mata na tallar burodi da dafaffen ƙwai. A cikin wannan hayaniya akwai murya ɗaya da ba ta tallar komai. Mai wa'azi ne da lasifikar hannu, littafinsa a hammata, tambaya guda yake ta nanatawa da Faransanci: in ka mutu yau, ka san inda za ka?

Wata safiya ina zaune a teburin wani dattijo mai shayi, mutumin wajen Tawa, sai mai wa'azin ya zo ya tsaya daura da mu. Dattijon ya saurara yana fifita garwashi, can ya juyo gare ni.

"Ka ji fa, Malam. Wai shi ya riga ya san makomarsa. Mu da muke roƙon cikawa da imani dare da rana, mu ne marasa wayo ke nan?"

A ƙarshen benci akwai wani saurayi mai gadi, ya taso daga aikin dare. Bahaushe ne ɗan ƙasar Maraɗi, Kirista tun daga kakansa. Ya ajiye kofi ya ce, "Baba, ai ba cewa ya yi ya fi kowa kirki ba. Cewa ya yi an biya masa."

"Wa ya biya?"

Wannan tambaya ta dattijo ita ce ƙashin bayan maganar duka. Shekara kusan dubu biyu malaman Kirista suna amsa ta, har yau bakinsu bai zama ɗaya ba. A Kodebuwa kuwa ba tambayar malamai kaɗai ba ce. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kashi 42.5 ne cikin ɗari, Kiristoci kashi 39.8, kusan kunnen doki. A Adjamé da Treichville gida ɗaya ake haya, famfo ɗaya ake layi, kowa na jin addu'ar maƙwabcinsa ta bayan katanga ko yana so ko ba ya so.

Bahaushe ya san kaffara tun yana makarantar allo. Wanda ya karya azumin Ramadan da gangan, ko ya 'yanta bawa, ko ya yi azumin wata biyu a jere, ko ya ciyar da miskinai sittin. Wanda ya yi rantsuwa ya saɓa, ya ciyar da goma ko ya tufatar da su, in bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Ma'anar a fili take: kai ka ɓata, kai za ka gyara, daga jikinka ko aljihunka. Da masu fassara suka zo sa Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya yi fice a kansa, aka kuma buga shi cikakke a 1932, kalmomin da ke bakin mutane suka ɗauka: zunubi, tuba, gafara, hadaya, fansa, kafara. Ba su yi kuskure ba ta fuskar harshe, domin kalmar Ibrananci da ake kiran babbar ranar Yahudawa da ita, Yom Kippur, da kaffara ta Larabci 'yan gida ɗaya ne. A Larabci asalin ma'anar rufewa ce, shi ya sa kafiri ma daga nan ya fito, wato mai rufe gaskiya. Sai dai kalma ta shigo, ma'ana ta juya baya. A koyarwar Kirista ba mai laifi ke yin kafara ba. Yi masa ake yi.

Tushen abin yana Littafin Firistoci, sura ta 16. Sau ɗaya a shekara babban firist na Isra'ila zai ɗauki bunsuru biyu. Ɗaya a yanka, a shiga da jininsa wuri mafi tsarki a yayyafa. Ɗayan kuma firist ya ɗora hannu a kansa, ya lissafa laifuffukan jama'a, a kora shi jeji ya tafi da su. Wasiƙar Ibraniyawa a Sabon Alkawari ta ɗauki wannan hoto ta ce duk inuwa ce: jinin dabba ba ya kankare zunubi, shi ya sa ake maimaitawa kowace shekara, amma Yesu Almasihu shi ne firist, shi ne kuma hadayar, ya miƙa kansa sau ɗaya ba ƙari. Idan Layya ta gabato, aka cika mayankar Port-Bouët da ragunan Mali da Burkina da Nijar, masu wa'azin Abijan sukan yi amfani da damar. Su ce ga shi kowa ya yarda an fanshi ɗan Ibrahim da rago, to mu cewa muka yi wancan ragon manuni ne. Musulmi kuma ya amsa cewa Layya ba ta ɗauke zunubin kowa, biyayya ce da godiya, kuma abin da ke isa ga Allah taƙawa ce, ba jini ba.

Kafin a kai ga rago ma, an riga an rabu tun a kan zunubi. A wurin Musulmi zunubi aiki ne: ka aikata, an rubuta, ka tuba, in Allah ya so ya shafe. Annabi Adamu ya yi kuskure, ya tuba, an yafe masa, magana ta ƙare a kansa. A wurin Kirista, musamman na yammacin duniya, zunubi ya wuce aiki, ya zama ciwo na gado. Wanda ya kafa wannan fahimta da ƙarfi ɗan Afirka ne, Agustin, bishop na garin Hippo, inda Annaba take a Aljeriya ta yau, ya rasu a shekara ta 430. Ya yi doguwar jayayya da wani malami mai suna Pelagius, wanda ya ce mutum na iya bin umarnin Allah da ƙoƙarin kansa. Agustin ya ce a'a, rijiyar ce ta gurɓace, duk gugan da ka jawo da ɗacinsa zai fito. Ikilisiya ta bi Agustin. Wanda bai gane wannan ba ba zai gane dalilin da ya sa Kirista ke ganin tuba kaɗai ba ta wadatar ba. In ciwo ne, ba haƙuri majinyaci ke bukata ba, magani yake nema, kuma ba daga jikinsa zai fito ba.

To, wa aka biya? Nan ne Hausa ta fi wasu harsuna sauƙin bayani, don mun san fansa a aikace. Kakanninmu sun ga zamanin da ake kama mutum a yaƙi, danginsa su tara wuri su je su fanso shi. Sun ga bawa yana biyan murgu ga ubangidansa, yana tara 'yan kuɗi a gefe har ya fanshi kansa. Ba a haramta bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai 1936. Linjilar Markus ta kira mutuwar Yesu fansa saboda mutane da yawa, amma ba ta faɗi wanda ya karɓa ba. Origen na Iskandariya, a ƙarni na uku, ya ce Shaiɗan ne, tunda shi ke riƙe da bayin. Gregori na Nyssa ya ƙawata abin da misalin ƙugiya: Shaiɗan ya haɗiyi naman mutuntaka bai san akwai ƙarfen allahntaka a ciki ba. Abokinsa Gregori na Nazianzus bai ji daɗin maganar ba. Ina aka taɓa biyan ɗan fashi lada don ya yi fashi?

A 1098 Anselm, babban bishop na Canterbury a Ingila, ya kammala wani ɗan littafi a kan dalilin da ya sa Allah ya zama mutum, ya sauya akalar zancen. Ya ce ba Shaiɗan ake bi ba, shi ba ya da haƙƙin komai. Allah ne ke bin bashi. Ɗan Adam ya tauye girman Mahaliccinsa, kuma nauyin laifi gwargwadon girman wanda aka yi wa ne, kamar yadda marin sarki ba ɗaya yake da marin dogari ba. Mutum ne ya kamata ya biya amma ba ya iyawa, Allah ne ke iyawa amma ba shi ya ci bashin ba. Sai dai a sami wanda yake duka biyun. Bayan shekara ɗari huɗu da 'yan kai, John Calvin a Geneva, wanda lauya ne tun asali, ya mayar da zancen kotu: akwai hukunci, dole a zartar, Almasihu ya tsaya a madadin mai laifi aka zartar a kansa. Wannan ita ce fahimtar da 'yan mishan na SIM suka kai Zinder a 1924, daga baya Tsibiri da Galmi, ita ce ta ECWA, ita ce kuma saurayin nan mai gadi ya sha a nono. Shi ya sa bakinsa ya tafi kai tsaye ga "an biya".

Misalin bashi yana da daɗin kamawa a unguwa irin Treichville. Shiga kowace rumfar garba, wato acake da soyayyen kifin tuna wanda 'yan Nijar suka shahara da sayarwa har sunan ɗayansu ya zama sunan abincin, za ka tarar da wani tsohon littafin makaranta a ƙarƙashin tebur, ya sha mai, gefensa ya nannaɗe. Sunaye ne a ciki, ko laƙabi: mai gadin kanti, ɗan dako dogo, direba. Kowa da layinsa, ɗari uku, ɗari biyar, har ya kai jaka biyu a fara ɗaure masa fuska. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ranar da wani ɗan'uwa ya zo ya biya wa mutum, mai rumfa zai ja biro ya soke layin, kuma ba shi da ikon sake tambaya. Fastoci na son wannan misali ƙwarai.

Amma dattijo mai shayi da ya ji shi bai ruɗu ba. "Bashin kuɗi ne wannan, ɗana. In ƙanenka ya kashe mutum, sai alƙali ya rataye ka ya sake shi, ka ce an yi adalci?" Nan ya taɓo inda ke ciwo. Alƙur'ani ya nanata cewa babu mai ɗaukar nauyin wani, kuma ya ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba. Ga Musulmi, Allah ba ya bukatar a biya shi kafin ya yafe. Ya ga dama ne ya yafe, wa zai tuhume shi? Abin lura shi ne Kiristoci da kansu sun daɗe da yin wannan tambaya. Peter Abelard na Faransa, wanda ya rasu a 1142, ya ga rashin dacewar a ce jinin marar laifi ne ke faranta wa Allah rai. A ganinsa gicciye nuni ne na iyakar ƙauna, wadda ke narkar da zuciyar mai taurin kai ta juyo da shi. Amsar da masu bin Anselm da Calvin ke bayarwa ita ce ba wani na uku aka kamo aka yanka ba. Tunda a imaninsu Almasihu Allah ne cikin jiki, to alƙalin ne da kansa ya sauko daga kujera ya ɗauki hukuncin. Suka ƙara da cewa duk yafiya akwai mai asara: in ka yafe wa wanda ya ƙona maka rumfa, kai ka biya kuɗin rumfar. Ko mutum ya gamsu ko bai gamsu ba, zai ga cewa maganar kafara ba ta tsayuwa da ƙafarta. A kan maganar wane ne Yesu take jingine, kuma a can ne ainihin rabuwar take.

Sai dai ni a nawa ganin, duk wannan zance na bashi da kotu ba shi ne ya cika majami'un Abijan ba. Abin da ya cika su ya zo ne da ƙafa daga Laberiya a 1913. William Wadé Harris mutumin ƙabilar Grebo ne, tsohon malamin mishan, ya ce Mala'ika Jibrilu ya zo masa a kurkuku a 1910. Ya fito da farar riga da rawani, sandar gora mai siffar gicciye, Littafi, ƙwaryar baftisma da caki, mata na binsa da waƙa. Bai yi wa mutanen gaɓar teku dogon bayani a kan Anselm ba. Cewa ya yi su kawo gumaka da layu su ƙona, Allah ya fi su ƙarfi, ba abin da zai same su. Cikin shekara ɗaya da 'yan watanni an ƙiyasta ya yi wa mutum wajen dubu ɗari baftisma, abin da limaman Katolika da suka sauka Grand-Bassam tun 1895 ba su ko kusanta ba. Faransawa suka tsorata suka kore shi. Da ɗan mishan na Methodist William Platt ya zo a 1924, ya tarar da ƙauyuka da majami'unsu, da Littafi a kan tebur wanda ba mai iya karantawa, suna jiran malaman da Harris ya ce za su zo. 'Yan ƙabilar Ebrié, masu asalin ƙasar da Adjamé da Treichville ke kai, na cikin waɗanda suka bi shi, kuma har gobe za ka gan su ranar Lahadi cikin fararen kaya suna kaɗa caki.

Abin da Harris ya yi wa'azinsa shi ne nasara. Ceto a nan ba soke layi a littafi ba ne, kuɓuta ce daga hannun abin da ke bin ka da dare. Abin dariya, a 1931 aka fitar da littafin wani malami ɗan Suwidin, Gustaf Aulén, cikin Ingilishi, yana tunatar da Turawa cewa wannan ce tsohuwar fahimtar ikilisiyar farko, Almasihu mai nasara a kan mutuwa da Iblis. Masunta a bakin tafkin Ebrié sun riga shi da kusan shekara ashirin. Ka saurari addu'ar dare a kowane ɗan coci da ke saman bene a Adjamé, za ka ji ana kiran jinin Yesu a kan mota, a kan shago, a kan cikin mace, a kan takardar biza. Jinin ya zama garkuwa. Bahaushen da ya san rubutun sha da laya da tofi ba zai ce bai gane bukatar ba, ko da bai yarda da hanyar ba.

Wani reshe na gidan Harris ya kai abin wani wuri dabam. A Bregbo, kusa da Bingerville, Albert Atcho ya yi shekaru yana karɓar marasa lafiya har rasuwarsa a 1990. Sharaɗinsa shi ne majinyaci ya fara faɗin laifinsa a bainar jama'a, har da abin da ya yi imani ya aikata ta hanyar maita, magatakarda na rubutawa, sannan a yi masa wanka da magani. Jean Rouch, wanda 'yan Nijar suka sani sarai, ya yi fim a kansa. A Bregbo ciwo alamar laifi ne, warkewa kuma ita ce shaidar an yafe. Tabbaci ne da ake gani da ido. Matsalarsa a bayyane take: wanda bai warke ba fa? Sai a ce da sauran abin da ya ɓoye.

Wannan ya kawo mu rabi na biyu na tambayar mai lasifika, wato ko mutum na iya sani. Masu ganin duk Kirista ɗaya ne sukan ɗauka kowannensu na da'awar ya riga ya mallaki aljanna. Ba haka ba ne. A Treichville akwai cocin Katolika mai sunan Jeanne d'Arc, yarinyar Faransa da aka ƙona a Rouen a 1431. A wajen shari'arta malaman da ke neman ta da sharri sun ɗana mata tarko, suka tambaye ta ko ta san tana cikin alherin Allah. In ta ce i, ta yi girman kai, ta saɓa wa koyarwa. In ta ce a'a, ta yanke wa kanta hukunci. Yarinyar da ba ta iya karatu ba ta amsa da abin da ke nufin: in ba na ciki Allah ya sa ni, in ina ciki Allah ya bar ni. Da dattijo mai shayi zai ji wannan, da ya ce ai wannan 'yar tamu ce. Haka matsayin Katolika yake, Majalisar Trent ta tabbatar da shi a 1547: kada mutum ya yi shakkar jinƙan Allah ko isar hadayar Almasihu, amma idan ya dubi raunin kansa, ba ya iya cewa tabbas ya samu, sai in an yi masa wahayi na musamman. Shi ya sa ɗan Katolika a Saint-Michel ta Adjamé ke bin layi ya durƙusa ya faɗi zunubinsa ga fada, ya ji da kunnensa an ce an gafarta, ya tafi, ya kuma dawo. Tsakanin tsoro da sa rai yake tafiya, kamar maƙwabcinsa da ke alwala a bakin babban masallacin titin Nangui Abrogoua.

Wannan hali ne ya kusa haukata Martin Luther. Yana zaman zuhudu a Jamus, yakan yi sa'o'i yana lissafa zunubansa ga shugabansa, ya fito ya tuna da wanda ya manta, ya koma. Da ya zurfafa cikin wasiƙar Bulus ga Romawa sai ya fahimci cewa Allah na karɓar mutum saboda bangaskiya ga abin da Almasihu ya gama, ba saboda nauyin aikinsa ba. Ya ce muddin ka dubi kanka ba za ka taɓa natsuwa ba, dubi alkawarin. A 1517 da ya ga ana sayar da takardun sassauta azaba, ana tara kuɗin gina cocin Bitrus a Rum, ya fito da ƙorafe-ƙorafensa 95, ikilisiyar yamma ta tsage biyu. Mabiyan Calvin suka ƙara gaba. A taron Dort na 1618 zuwa 1619 suka ce wanda Allah ya zaɓa ba ya ɓata har abada, ko ya yi tuntuɓe zai tashi. Da jin haka sai ka ce an huta. Ina! Tsugune ba ta ƙare ba, don sabuwar tambaya ta taso: ta yaya zan san ina cikin zaɓaɓɓun? Sai aka koma leƙen zuciya da auna ayyuka, abin da aka guda tun farko. Har Shaidar Westminster ta 1646 ta yarda cewa mai bi na gaskiya na iya daɗewa cikin duhu kafin ya sami tabbaci.

John Wesley, kakan 'yan Methodist ɗin da suka gaji da yawa daga mutanen Harris, ya bi wata hanya. Ranar 24 ga Mayu 1738, a wani taro a titin Aldersgate na Landan, ya ji zuciyarsa ta ɗumama, ya tabbata an ɗauke zunubansa shi kansa. Ya koyar cewa Ruhu Mai Tsarki na shaida wa mai bi cewa yanzu shi ɗan Allah ne, amma yanzu ɗin ce kawai, gobe yana iya juya baya ya fāɗi. Yawancin cocin Fentikos na nan a kan wannan. Ke nan mai wa'azin tasha, in ɗan Baptis ne irin na Yarabawan Ejigbo da suka daɗe a Abijan, wataƙila "har abada" yake nufi. In ɗan Assemblées de Dieu ne, "muddin na riƙe" yake nufi. Kalma ɗaya, lasifika ɗaya. A sama an ɗan sasanta: ranar 31 ga Oktoba 1999 a Augsburg, Katolika da 'yan Luther suka sa hannu cewa da alheri ne kaɗai ake karɓar mutum, ayyuka kuma 'ya'yan wannan karɓa ne, 'yan Methodist suka shiga a 2006. Ban ga alamar labarin ya iso Adjamé ba.

Abin da ya iso shi ne kasuwa. An ce an biya sau ɗaya ba ƙari, amma je sansanonin addu'a da ke gefen gari, ko ka saurari wasu daga cikin masu annabci a rediyo. Akwai azumin kwana ashirin da ɗaya don karya la'anar gado, akwai mai da ruwa na kwalba, akwai ambulan ɗin "shuka iri" wanda girman amsar addu'a ke bin kaurinsa. Macen da ke tallar lemu ta cusa jaka biyar a ambulan saboda an ce mata wani alkawari da kakarta ta yi da ruwa ne ya hana ta haihuwa. Kaffara ce ta fita ta ƙofa ta dawo ta taga, kuma ta fi ta fiƙihu tsada, don waccan tana da iyaka, sittin sittin ne, kuma cikin miskini take shiga. Fastoci masu karatu na ƙorafi a kan wannan fiye da kowa, sun san takardun da Luther ya yaƙa ne aka sake bugawa. Mu ma kada mu yi saurin dariya. Laifi tudu ne, kuma malaman tsibbu na Treichville ba kyauta suke aiki ba.

Akwai wurin da na fi son in ji amsar Kiristocin Abijan, don a can ne koyarwar ke haɗuwa da jini na gaske. Rikicin bayan zaɓen 2010 ya ci mutum wajen dubu uku kafin a kama tsohon shugaban ƙasa Laurent Gbagbo a Afrilun 2011. Kowane ɓangare ya kashe. Baƙi 'yan Afirka ta Yamma sun ɗanɗana kuɗarsu a shingayen unguwanni, inda suna ko doguwar riga ke iya zama laifi, kuma Hausawan da suka zauna garin a watannin nan ba su cika son tuna su ba. Wasu fastoci sun yi ta annabcin nasara, suna kiran yaƙin na haske da duhu. Da ƙura ta lafa, sai kalmar yafiya ta cika gari. Aka kafa hukumar sulhu ƙarƙashin Charles Konan Banny, a 2015 aka kafa wata ta biyan diyya aka damƙa ta ga babban bishop na Bouaké, Paul Siméon Ahouanan, a Agustan 2018 kuma Shugaba Alassane Ouattara ya yi wa mutum wajen 800 afuwa, ciki har da Simone, matar Gbagbo a lokacin. Matar da aka kashe wa miji a shinge, ita wa ya tambaye ta?

Musulunci ya raba haƙƙin Allah da haƙƙin bawa, ya ce na biyun ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe ko an mayar masa. Masu sukar tabbacin ceto na cewa nan ne ramin yake: mutum ya yi ta'asa ranar Asabar, ya ɗaga hannu ranar Lahadi, ya ce jini ya wanke. Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da 'yan Nazi suka rataye a 1945, ya kira irin wannan alheri mai araha, ya ce shi ne babban abokin gābar ikilisiya. Kuma Littafin nasu bai bar ƙofar a buɗe ba. Wasiƙar Yakubu ta ce bangaskiyar da ba aiki gawa ce. Linjilar Matiyu ta umarci mai kawo baiko ya ajiye shi a gaban bagade, ya je ya shirya da wanda ya ɓata wa tukuna. A Linjilar Luka kuma akwai mutum biyu da aka ba tabbaci baki da baki. Ɗaya ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, wanda ba shi da sauran lokacin gyara komai, aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Ɗayan Zakka ne, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, gajere, mai kuɗi, wanda ya miƙe a gaban jama'a ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, duk wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu, a nan ne aka ce ceto ya shigo gidansa.

Na sha jin labarin ɓarawon nan daga lasifikar tashar Adjamé. Na Zakka sau ɗaya na ji shi, kuma mai wa'azin ya fi daɗewa a kan yadda Zakka ya hau itacen ɓaure don ya hango Yesu.